Jirgin da Bai Taɓa Tashi Ba

A bencin ofishin rajistar ƙananan jirage marasa matuƙi, wani dattijo mai kiwon tattabaru ya ƙura wa kwalin da ke cinyar na kusa da shi ido.

"Malam, jirgi ne a ciki?"

"Na wasa ne, Baba. Sun ce sai an manna masa lamba, wai in ya yi ɓarna a san mai shi. Ni ban yarda da su ba, so suke su san inda kowa ke kwana."

"Gara su sani. Ni ƙara na kawo. Wani jirgi ya addabi rufin gidana duk lokacin da na saki tattabaruna. Shekaranjiya ya sare wa wata fara fiffike."

"Mutane ba tsoron Allah. Bayan tankin ruwa ai ba wurin wasa da jirgi ba ne."

Dattijon ya sake duban kwalin. Shi dai bai ambaci tanki ba.

"Naka yana tashi sosai?"

"Sabo ne dal, ban taɓa ɗaga shi ba."

"Buɗe in gani, don in iya yi musu kwatance."

Da ƙyar mutumin ya buɗe. Dattijon ya sa yatsu a gindin farfela, ya zaro wani ɗan farin gashin tsuntsu.

"Ashe har da gashi kamfanin ke haɗa shi. Shiga gabana, ɗana. A fara ba ka lambar, ita zan karanta musu."