Ragowar Takardun Zaɓe

A shekarun da yajin aiki ya rufe kasuwannin birnin Duwala, Lauratu tana zaune a rumfar tela a unguwar New Bell sai wani baƙo ya hango zanen jam'iyya a jikinta, ya matso.

"Hajiya, ashe ke tamu ce! Kin san ranar zaɓen shugaban ƙasa kowane ɗan takara da takardarsa. Ki sa ta mutuminmu a ambulan, ki ɓoyo sauran ki kawo mini. Akwai buhun shinkafa."

"Sauran ai a kwandon shara ake zubawa, Malam."

"Da su muke gane wanda ya yi mu."

"Zanen nan kyauta aka raba, kuma ba ya zuba. Shi ya sa na ɗaura."

"To wa za ki yi?"

"Wata bakwai muna shan kunu ba sukari, ƙanena ya sha kulki wajen zanga-zanga a unguwar Ndokoti, duk don a daina miƙo mana takarda ɗaya tal ranar zaɓe. Yanzu da suka yi yawa ka ce in musanya su da shinkafa?"

"Haba Hajiya, tsakaninmu ne fa."

Lauratu ta gyara ɗaurin zanenta.

"Bayan labulen jefa ƙuri'ar nan ko uban 'ya'yana ba ya bi na. Kai a su wa?"