Ranar da Na Sa Wayar Alhaji Ta Yi Ja

Kuɗin motar da ya kai ni Abuja, ƙanwata ce ta sayar da tunkiyarta ta ba ni. Ku fara riƙe wannan, ku samarin da kuke cika mini zaure da zancen Abuja kamar can ake rabon Aljanna. A lokacin idona ya soma gazawa a kan ɗinkin babbar riga, masu keken ɗinki kuma sun cinye kasuwa. Sai aka aiko daga gidan Alhaji Mudi, ɗan unguwarmu ta Limancin Kona, tsohon ma'aikacin gwamnati, cewa ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ana neman mai jinya. Sharaɗi biyu ne. Alhaji ya ce dole ya zama ɗan gida. 'Yarsa Hajiya Bilki ta ce dole ya iya karatun boko.

To ni sai da na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama a bencin yara, gwiwoyina suna neman haɓata. Saboda haka rubutu a wurina ba abin wasa ba ne. Har yau idan zan rubuta lamba sai na yi bisimilla.

Gidan yana wata unguwa da suke kira estet, wato wurin da mutum bai san sunan maƙwabcinsa ba amma ya san sunan karen maƙwabcin. Aka ba ni ɗaki a baya, wai boskwata. Aka ce sunan aikina kiyagiba. Na tambayi direban gidan, Ɗanjuma, ma'anar kiyagiba.

Ya ce, "Mai kwashe fo, Malam. Amma da Turanci."

Hajiya Bilki ta waya ta yi mini maraba, fuskarta cike da gilashin. Na zaci daga ƙasar waje take magana. Ashe gidanta bai kai nisan dutsen Kufena daga ƙofar fada a nan Zariya ba.

Ta ce, "Baba Habu, abu mafi muhimmanci a gidan nan shi ne af ɗin Dadi."

Af ɗin nan wata manhaja ce a cikin wayar Alhaji. Kowace safiya zan ɗaura masa na'urar awon jini a damtse, in karanta lambobin da suka fito, in zuba a waya. Sannan ta tambaye ni ko ya sha magani, ko ya ci gishiri, taku nawa ya yi. Idan al'amari ya yi kyau sai ta nuna kore. Idan ya ɓaci sai ta nuna ja, nan take kuma labari ya isa ga Hajiya da likita. Ban raina abin ba, kuma kada ku raina. Wanda ya ƙirƙiro shi ya san cewa ciwon nan yana dawowa, kuma hawan jini ne yake buɗe masa ƙofa. Abin da bai sani ba shi ne mutanen Zazzau.

Safiyar farko na auna, lambar sama ta haura ɗari da saba'in. Na miƙa hannu ga waya, sai Ɗanjuma ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, me za ka zuba?"

"Abin da na gani."

"Nan gidan kore muke zubawa. Ɗari da ashirin a sama, tamanin a ƙasa. Wani lokaci ka ƙara biyu, kada ta gane."

Na dubi Alhaji. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya yi magana da harshen nan nasa da ya yi nauyi: "Habu, a garinmu idan aka ce ya jiki, me ake cewa?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"To rubuta mata da sauƙi."

Kun dai san mu. Mutum yana kwance ana karanta masa Yasin, mai dubiya ya ce ya jiki, a ce da sauƙi. Ba ƙarya muke ɗaukarsa ba, ladabi ne da godiyar Allah. Kuma uba ba ya kai wa 'yarsa ƙarar jikinsa. Sai dai waya ba ta san ladabi ba. Abin da ka ba ta shi take kaiwa, likita kuma ya yi aiki da shi. Wanda na gada a aikin ya yi wata uku yana zuba kore, har likita ya yi murna ya rage wa Alhaji magani. Hajiya kuwa kullum sai ta turo hoton tafi. Ga 'ya mai digiri biyu, tana duba ubanta kamar mai duba cajin waya.

Ba zan wanke kaina a gabanku ba. Kwana tara na yi ina zuba ɗari da ashirin. Kwana taran nan ban iya yin bisimilla kafin in rubuta ba.

Ga kuma Juma'a. Duk Juma'a bayan masallaci 'yan Zariya mazauna Abuja sukan zo dubiya, ba wanda yake zuwa hannu sake. Wannan kilishi, wancan balangu da yaji, wani dambun nama. Alhaji kuma ba zai bari a ce an kawo masa abu ya ƙi taɓawa ba. Sai ya ci na kowa a gaban mai shi, don kada wani ya ce an fifita wani. Da yamma waya ta tambaye ni ko ya ci gishiri, Ɗanjuma ya leƙo ya ce, "Danna a'a. Ai nama ya ci."

Ran Asabar da safe na kai masa koko. Ya ce kansa yana sarawa. Ya karɓi kofi da hannun dama, hannun da yake da lafiya, sai na ga kofin yana karkarwa har koko ya zubo masa a riga. Na auna. Ɗari biyu da huɗu. Na kwance na'urar na sake ɗaurawa, domin kullum ina zargin idona kafin in zargi abu. Lambar ba ta sauka ba.

Alhaji ya ce, "Da sauƙi, Habu."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe."

Na yi bisimilla. Biyu, sifili, huɗu. Wayar ta yi ja wur, ta kama kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ɗanjuma ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, ka kashe mu." Kafin in gama goge kokon, motar Hajiya tana ƙofa. Ran nan na fara ganin cewa tana da ƙafafu.

Kwana shida ya yi a asibiti. Likita ya ce da an kai azahar a gida, da ɗaya ɓarin ya bi na farko, ko ma abin ya wuce haka. Ya duba tsofaffin lambobin, ya dube ni, ya ci gaba da rubutunsa. Na fi son da zagina ya yi.

Kuna tsammanin an gode mini? Hajiya ta tsare ni a barandar asibiti: "Baba Habu, kwana tara kana yi mini ƙarya? Da girmanka?" Gaskiya ta faɗa. Ban ce mata wata uku kina yi wa waya tafi ba. Na haɗiye.

Na Alhaji ya fi zafi. Da aka sallame shi, Hajiya ta kafa doka: mai gadi ya binciki ledar duk mai dubiya. Juma'ar da ta biyo baya aka tsayar da wani dattijo, abokin Alhaji tun makarantar allo, aka karɓe kilishinsa a bakin get kamar an kama ɓarawo. Dattijon ya juya bai shiga ba. Bayan la'asar Alhaji ya sa aka kira ni.

"Na ce a ɗauko mini ɗan unguwarmu don ya rufa mini asiri. Da na san haka ne, da baƙo na ɗauka. Tattara kayanka."

Haka na dawo, da jakar da na tafi da ita da tabarau ɗaya da na saya a tasha. Wata ɗaya ban cika ba. Wannan ita ce Abujar tawa.

Bara aka dawo da Alhaji gida. Shi ne dattijon nan mai sandar ƙarfe da kuke matsa wa hanya a lungun masallaci. Idan na yi masa sallama yana amsawa, domin wajibi ce, sannan ya juya fuskarsa ga katanga. Shekaranjiya bayan azahar ya tsaya daidai ƙofar zauren nan, ya ɗaga murya yana gaya wa liman cewa akwai mutanen da ba a ba su amanar gida. Da ni yake, kowa ya sani. Na sunkuyar da kai a kan ɗinkina ina sauraro. Tun daga farkon maganar har ƙarshenta, harshensa bai sarƙe ba ko sau ɗaya.