Darasin da ba wanda ya ji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki, kai da masu sauraro.

Ni malamin jami'a ne a nan Kaduna, a gaban allo na yi furfura. Bana aka ce darasi ya koma intanet. Sau ɗaya aka nuna mana manhajar da za mu riƙa koyarwa da ita, aka sallame mu.

Ranar darasin farko na zauna a falona na kunna kwamfuta. Sunayen ɗalibai suka fito, amma ba fuska ko ɗaya. Na yi ta bayani har muryata ta dushe. In na ce "Kun gane?" sai in ji shiru, in ce a raina sun natsu ne.

Ina gamawa sai shugabar ajin, Hadiza, ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba mu ji komai ba. Makirfonka a rufe yake, motsin bakinka kawai muke gani."

Na ce, "Me ya hana ku faɗa mini?"

Ta ce, "Mun ji nauyin katse ka ne, Malam."

A aji, kallo ɗaya nake yi in gane wanda aka bari a baya. Yanzu shugaban sashe ya ce duk malamin da ya kasa koyarwa ta intanet, za a ba matasan malamai darasinsa.

Jama'a ku ba ni shawara. Malamin da ba ya ganin ɗalibinsa, ɗalibin kuma ba ya jin sa, me ya rage masa?

Daga Malam Garba, Unguwar Kanawa.