Irin Gyaɗar Iya Bai Ɓata Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Wadda ba ta san ni ba, ni ce Saratu, matar Bitrus, mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Rogo.

Da Iya, mahaifiyata, za ta rasu, ba ta bar mini zinariya ba. Irin gyaɗa ta bar mini, wata ja mai yawan mai, wadda ba a samunta a kasuwa. Kowace kaka nakan ware iri in ɗaure a buhu, in ce duk wanda ya taɓa, ni da shi ne.

To, kun dai san maigidana, Baban Rifkatu, da sakin hannu. Mutumin da zai ba da takalminsa ya dawo gida yana dariya! Shekarun baya na je suna Karaye, kafin in dawo ya kwance buhun ya ɗibar wa Goggo Hajara, Bafulatanar Ruwan Bago da ke kawo mana nono, wai nasu irin ya lalace.

Wayyo, ranar maƙwabta sun ji muryata! Na ce, "Maigida, gādon uwata ne fa!"

Ya ce, "Maman Rifkatu, Iya ma wani ne ya ba ta."

Haushi ya sa na tuƙa masa tuwo duk gudaji. Ya cinye, har da yaba miya.

Bana ruwan fari ya sauka, na shiga ɗaki ɗauko iri. Ina ɗaga buhun sai ya rabe biyu. Gara! Ta shigo ta ƙasa ta cinye tas, sai ɓawo da jar ƙasa. Na zauna daɓas. Ji na yi kamar yau Iya ta rasu.

A nan na durƙusa ina kuka. Na ce, "Ya Yesu, na tsare, na ɗaure, ga shi ban iya ba. Dama naka ne. Ka cire mini tsoron rashi daga zuciyata." Buhun bai cika ba, amma na tashi ƙirjina sakayau.

Ran kasuwa Goggo Hajara ta sauke ƙwaryarta kusa da ni. Bayan mun gaisa ta dube ni. "Saratu, lafiya? Ko ba ku yi shuka ba?"

Na gaya mata.

Ta tafa hannu. "Subhanallahi! Jar gyaɗar nan? Ai ta cika rugarmu! Har 'yar'uwata a Turawa ita take shukawa. Irin Saratu ma muke ce mata."

Washegari da hantsi sai ga ta a kan acaɓa, rungume da ƙunshi. Na ɓare ɗaya. Ja wur, ta Iya ce sak. Na rungume ta, ta ce, "Haba, daina kukan nan, kayanki ne ya dawo gida."

Maigida kuwa murmushi kawai ya yi ya ɗauki fartanya. Allah ya bar mini shi.

Halleluya! 'Yan'uwa, gonata ta yi kore shar. Wanda na ɓoye, gara ta ci. Wanda aka bayar ina faɗa, shi Ubangiji ya adana mini a gidan maƙwabciya. Na gode masa da dukan zuciyata. Ku dogara gare shi, kada tsoro ya ƙulle muku hannu.

Mai son irin Iya ta same ni da kaka. Da hannuna zan kwance buhun. Amin.