Katangar da Kawu Ya Rushe Sau Biyu

Mai girma shugaban taro, shugabar asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana 'yan jarida, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a madadin iyalan marasa lafiya, yau da ake buɗe sabon ɗakin tiyatar ido.

Da farko, ga yadda ciwon yake zuwa. Kawuna magini ne, shekara talatin da huɗu yana ɗora bulo da ido ɗaya, don tsakuwa ta tafi da na hagun tun yana saurayi. Bara ya gina katanga, ya ja da baya ya duba, ya ga ta yi ciki, ya rushe. Ya sake ginawa, ya sake rushewa. Kafintan da suke aiki tare ya ce, "Maigida, igiya ta ce daidai, ma'auni ya ce daidai. Ko gaba kake da siminti?" Kawu ya ce, "Igiyar ma ai ta karkace." Katanga kuwa lafiyarta ƙalau. Wasu ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsiro ƙarƙashin tsakiyar tantanin gani, can ƙuryar idon da ya rage masa, suka yi yoyo, suka ɗaga shi kamar yadda saiwa ke ɗaga daɓe, shi ya sa yake ganin miƙaƙƙen abu a karkace.

Na biyu, aikin kansa. Yawanci allura ake yi wa wannan ciwo, amma jinin Kawu ya taru da yawa, dole sai tiyata. Wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, alhali da shi muke karatu, da shi muke zura zare, da shi muke gane fuskar iyayenmu. Likita ta shiga ta ƙananan kafofi uku, ta ɗaga tantanin da kaurinsa bai fi takarda uku ba, ta zare jijiyoyin, ta kwashe jinin, ta mayar da shi, ta tokare da kumfar iska. Na tambaye ta ko hannunta ba ya rawa. Ta ce, "Yana yi. Na dai san lokacin da zai yi, sai in jira." Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci idon, ya kuma halicci hannun.

Na uku, abin da ya biyo baya. Kwana bakwai Kawu ya yi ruf da ciki don kumfar ta danne wurin, matarsa tana cewa, "Yau ga ranar da malam ya sunkuyar da kai." Gani bai dawo duka ba; akwai ɗan duhu da zai zauna. Amma da kumfar ta janye, aka miƙa masa jikarsa da aka haifa yana tsakiyar jinya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ashe hancin gidanmu ta ɗauko. Allah ya ba ta haƙuri."

Allah ya ƙara wa likitocinmu basira da natsuwar hannu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.