Tiransista da Farin Man da Na Jefar

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran wutar mota, malaman da suka sha ɗawainiyar koyarwa, iyaye maza da mata da suka bar ayyukansu suka cika wannan zaure, abokan sana'a da nake hango baƙin mai a faratansu duk da sabulun da aka sha da safe, da ku ɗalibai ashirin da bakwai da za ku karɓi takardunku yau, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya da aka ga dacewar tsoho irina ya tsaya gabanku. An ce in yi magana kan tiransista, an kuma ba ni minti goma. Shugaba ya san minti gomana yana da tsawo, amma zan kamanta.

Magana ta farko ta iyaye ce, don su san abin da 'ya'yansu suka koya. Mota ba ta tashi sai fetur ya kama wuta a cikin inji, fetur kuwa ba ya kamawa sai filogi ya yi tartsatsi. Wutar batir sha biyu ce kacal a ma'auninmu, alhali filogi yana neman dubu ashirin ko fiye. Mai ninka ta shi ne koyil. To amma koyil yana da wata ɗabi'a: ba ya ba da komai lokacin da ake ɗura masa wuta, sai a daidai lokacin da aka yanke ta farat ɗaya. Ke nan dole a sami mai buɗewa da yankewa, mai buɗewa da yankewa, sau dubbai a minti guda, ba gajiya, ba latti.

A zamaninmu kwantak ke wannan aiki, wasu ƙarafa biyu masu haɗe baki su rabu. Muna ganinsu da ido, muna kankare su in sun ƙone, muna ji da kanmu. Sai aka zo da tiransista, ɗan abu baƙi wanda bai kai akwatin ashana ba, mai ƙafa uku, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙafa ɗaya tana sauraron 'yar ƙaramar wuta da ke sanar da shi inda inji ya kai a juyawarsa. Sauran biyun su ne hanyar babbar wutar koyil. In saƙo ya zo, ya buɗe hanya, koyil ya cika. In saƙo ya ɗauke, ya datse, koyil ya watsa wa filogi abin da ya tara. Ƙaramar wuta ce ke juya babba. Na shekara talatin ina kallon abin nan, har yau in na tuna sai in ce ikon Allah.

Magana ta biyu: mai irin wannan aiki dole ya yi zafi. Shi ya sa ake ɗaure shi a jikin faifan ƙarfe, ƙarfen ya riƙa janye masa zafin. A nan ne na yi abin kunyar da ya sa na yarda in tsaya gabanku yau.

Yayata, wadda ta goye ni, ta kamu da ciwon ƙoda, ana yi mata wankin ƙoda a asibiti sau biyu a mako, in ta makara a ba wani gadonta. Mijinta ke kai ta a tsohuwar motarsa. Da tiransistan motar ya mutu, wa za a kawo wa in ba ni ba? Ni kuma an san ni da tsafta, har abokan aiki na yi mini tsiya wai garejina ya fi ɗakin amarya. Na kwance tsohon, na tarar da wani farin abu ya bushe a kan faifan. Na ce kai, dubi ƙazantar mutane! Na sa fetur na wanke tas har ina ganin fuskata. A kwalin sabon kuma akwai 'yar leda da farin mai a ciki. Na ɗauka giris ne, abin da ba ya motsi kuwa me zai yi da giris? Na jefa a kwandon shara, na ɗaure, na murza makulli, mota ta tashi lafiya lau.

Ranar wanki, sun yi tafiyar minti ashirin, daidai wata gadar sama, mota ta mutu murus. Suka zauna cikin rana, ga mara lafiya. Da inji ya huce ta tashi da kanta, amma sun makara. Aka kawo mini, na gwada, ƙalau. Mako na gaba ma haka, a daidai wurin. Na ce kayan ne jabu, na sa wani sabo, na sake goge faifan, na sake jefar da ledar, motar kuwa ta sake mutuwa a hanya. Har na gaya wa mijin Yaya, dattijon mutum, wai tuƙinsa ne ba daidai ba. Cikin wata guda Yaya ta rasa wanki uku, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ba ya shiga. Na ji tsoro, jama'a, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

A tsallaken garejina akwai mai gyaran rediyo, sa'ana ne, muna kiransa Likita don tsokana, muna cewa mu ne masu gyaran abin da ke tafiya, shi kuwa sai abin da ke surutu. Ya ga na tasa mota gaba tun safe, ya tsallako da tabaransa a goshi, ya ɗauki tiransistan ya juya bayansa.

Ya ce, "Mutumina, ina man?"

Na ce, "Wane mai?"

Ya ce, "Farin man da ake shafawa tsakaninsa da ƙarfe."

Na ce, "Wannan dattin? Ai na goge."

Ya sauko da tabaransa ya dube ni, ya ce, "Innalillahi! Ƙarfen nan da kake gani sumul, cike yake da ƙananan ramuka, iska ce a ciki, iska kuwa ba ta ɗaukar zafi. Man nan ke cike su. Kai ka dafa shi da hannunka. Shekara ashirin ina shafa wa rediyo, kana tsallaken titi, ba ka taɓa tambaya ba."

Ya koma shagonsa ya ɗebo mini a bakin sukundireba, bai kai ƙwayar wake ba. Na shafa, na ɗaure. Rashin ɗan wannan ne ya hana yayata zuwa asibiti sau uku.

Ranar wanki ta gaba ni na tuƙa su. Muna dosar gadar nan kowa ya kasa kunne ga inji. Muka hau, muka sauka, inji na ta aikinsa. Sai na ji muryar Yaya daga baya: "Auta, mun wuce." A nan na faɗa musu gaskiya, hannuna a kan sitiyari, na nemi gafarar mijinta. Ya ce ya wuce. Ita kuwa ta ce, "Da ma na san ba za ka cuce ni da gangan ba. Amma Auta, na sha wuya." Ta rayu shekara huɗu bayan nan, ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuwa ko kwana ɗaya ban manta ba.

Don haka magana ta uku taku ce, 'ya'yana. Za ku buɗe motocin da ba a koya muku ba, za ku tarar da abin da ba ku san amfaninsa ba. Kada ku goge, kada ku yanke, kada ku jefar, sai kun tambaya, ko da wanda za ku tambaya shi ne wanda kuka saba yi wa dariya. Ba ku san wa za a kwantar a kujerar baya ba.

Allah ya jiƙan yayata da dukkan magabatanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa wa hannuwan yaran nan albarka, ya saka wa malamansu da iyayensu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.