Baƙin Girisin Katafila a Motarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni tsoho ne daga ƙasar Maradun, maƙwabcina ke rubuta mini.

Tun da ruwan dam ya cinye gonarmu, da akori-kura guda muke ci, ɗana Sani ke jan ta zuwa Mafara. Leburorin dam na kawo baƙin girisin katafila a gwangwani, shi ko Sani ko'ina cusa shi yake, har boris ɗin taya. Na ce mai, "Na yi karen mota tun kwalta ba ta zo ba. Wanga baƙin na gaɓoɓin katafila ne. Boris zafi yake ɗauka, nashi daban ne." Ya ce, "Baba, giris giris ne, katafila ma shi take ci."

Ranar kasuwa taya ta kama hayaƙi, ga mata da buhuna a baya. Allah ya tsare. Sani ya canza boris, ya koma ga gwangwaninsa.

Na gaji. Don Allah ka samo makaniki ya yi bayani a shirinku. Tawa Sani ba ya ji, amma ban taɓa ganin ya yi wa rediyo musu ba.